A faɗa wa Goggo nawa aka sayar da hayaƙinta

Tun jiya hoton nan yake yawo, na matan da aka jera a rana a ƙofar gidan dagaci kowacce ta rungume murhu mai rage cin icce, an rubuta a sama wai "tallafi ga iyayenmu mata", jama'a kuma sai zuba Allah ya saka da alheri suke a ƙasa. Wallahi na so in yi shiru. Amma ɗaya daga cikin matan nan goggona ce, ƙanwar mahaifina, kuma na riƙe takardar da aka sa ta dangwala wa hannu da hannuna na karanta ta, don haka shirun ba zai yiwu ba.

Ku daina kiran abin nan tallafi. Ciniki ne aka yi da ita, kuma ba a faɗa mata farashi ba.

Da na je gida ta ɗauko min takardar daga cikin kwalla, inda take ajiye katin zaɓe da katin asibiti, ta ce ɗan nan duba min, sun ce kar in yar. Shafi biyu ne da Turanci, ƙananan rubutu kamar ƙwayar gero, Goggo kuwa ko karatun Hausar boko ba ta yi ba, ajami take karantawa. A shafi na biyu akwai layin da ya ce duk wani ragin hayaƙi da murhun nan zai kawo, ta sallama haƙƙinsa ga kamfanin da ya raba murhun. Na ce Goggo, an yi miki bayanin wannan? Ta ce wane bayani, yaron dai ya ce kyauta ce daga Turawa, a sa hannu a karɓa, ya ɗau hotona ya ɗau hoton lambar da ke jikin murhun ya wuce gidan gaba.

To ga wanda bai gane inda kuɗin yake ba, ga shi a taƙaice. Kamfanin jirgin sama ko na mai ko na fasaha a Turai da Amurka yana fitar da iskar kabon mai ɗumama duniya, maimakon ya rage nasa sai ya biya a ce an rage a wani wuri a madadinsa. Duk tan ɗaya na iskar da aka ce an hana fita takarda ɗaya ce, ita ake kira kiredit, kuma sayar da ita ake da dala. Murhun Goggo yana cin icce kaɗan, to bambancin iccen da za ta ƙona a tsohon murhu da wanda ta ƙona yanzu shi ake lissafawa a mayar da shi tan, a kai wa masu rajista irin su Verra ko Gold Standard su buga hatimi, a kai kasuwa. Kuma ba sau ɗaya ba, duk shekara ake sake lissafawa a sake sayarwa muddin an ce murhun yana aiki. Shi ya sa yaron nan yake dawowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Goggo ta ɗauka zumunci ne, har fura take dama masa.

Mu ƙaddara kawai, don lissafi ya fito, an raba murhu dubu 100, an ce kowanne yana hana tan 2 a shekara, an sayar da tan a dala 5. Dala miliyan ɗaya kenan a shekara guda. Ku buga da canjin yau ku gani. Matar da ke durƙusawa gaban wutar nan safe da yamma, wacce ba don girkinta ba babu tan ko ɗaya da za a rubuta, nawa ne nata a ciki? Wannan ce kaɗai tambayata, nawa aka sayar, nawa ya iso gari?

Na san masu cewa ai da babu gara ba daɗi, ta samu murhu ba ta biya ko sisi ba, me kake so kuma. Ku je kasuwar Wudil ran Juma'a ku ce wa Bafulatani ya ba ku sansa ku sayar, ku ba shi igiya sabuwa kyauta, kar ya tambayi nawa aka saya. Ku ga ko za ku fito da rigarku lafiya. Dillali la'ada yake ci, kowa ya yarda da wannan, babu wanda ya ce kar ya ci, amma mai kaya yana tsaye ake sallamawa, kunnensa ne yake jin kuɗin. A cinikin kabon ne kawai na ga dillali ya riƙe kuɗin gaba ɗaya, mai kaya ma bai san yana da kaya ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Wani ya rubuto min wai ni ɗan adawa da cigaba ne, wai irinmu ne ke korar masu zuba jari. Malam ni ban ƙi murhun ba. Na san abin da hayaƙin icce ya yi wa idon kakata, na san tarin da yara ke yi a ɗakin girki lokacin sanyi, na san nisan da 'yan mata ke tafiya yanzu kafin su haɗa ƙunshin icce ɗaya, dajin da muka yi kiwo a ciki muna yara yau fili ne fetal sai sabara nan da can. Murhu mai rage cin icce alheri ne, irin Save80 ɗin nan da ake haɗawa a Kano na ga gidajen da suke yabonsa. Kuɗin kabon ɗin ma ban ƙi shi ba, in dai zai shigo ya gina rijiya mai sola ya dasa bishiya ya sa yara a makaranta to bismillah, Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba, amma mu ne hamada ke cinye wa gona, mu ne ambaliya ke rushe wa gida, kuɗin nan haƙƙinmu ne ya zo. Abin da na ƙi shi ne a rufe littafi. A buɗe a nuna mana.

Kuma ba zargi nake a kan iska ba, abin ya faru a wurare an gani. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka fitar da binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare daji da suka duba na Verra babu ragin gaske a bayansu. Verra ta musanta, amma kasuwar ba ta koma yadda take ba tun daga nan. A shekarar dai aka tono aikin kare daji na Kariba a Zimbabwe, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, aka yi ta tambayar ina kuɗin da aka ce na mutanen ƙauye ne, har kamfanin South Pole da ke dillancinsa ya janye hannu. A arewacin Kenya, makiyaya ne kamar namu aka tsara musu inda za su kai dabbobi da inda ba za su kai ba da sunan adana kabon a ƙasa, manyan kamfanoni irin su Netflix da Meta suka sayi takardun, sai da mutanen suka je kotu, a Janairun 2025 kotu a Isiolo ta ce biyu daga cikin gandayen kare namun daji na yankin an kafa su ba bisa ƙa'ida ba, ba a tuntuɓi masu ƙasar yadda ya kamata ba. Laberiya kuwa a 2023 saura ƙiris a miƙa wa wani kamfanin Dubai mai suna Blue Carbon kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar baki ɗaya. Kashi goma na ƙasa fa jama'a.

Shi kansa murhun, masana a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun fitar da bincike a farkon 2024 suka ce ragin da ake rubutawa ya ninka na gaskiya kusan sau 9. Ni ban buƙaci jami'a ta faɗa min ba don na gani a tsakar gidanmu. Murhun da aka ba Goggo ƙarami ne, tukunyar tuwon gidan mai mutum goma sha ba ta zama a kai, in ta ɗora ta sai ta karkace, ga tuƙin tuwo yana son abin da zai riƙe tukunya gam. Don haka miya da ruwan shayi take yi a sabon, tuwo kuwa yana nan a kan duwatsu uku kamar yadda uwarta ta bar mata. Ranar da yaron zai zo sai a share sabon a hura masa wuta don kar ya ji ba daɗi. Shi ya ɗau hoto, a can ofis a rubuta gidan nan ya daina ƙona icce, a can Turai wani ya hau jirgi hankalinsa kwance wai an biya masa hayaƙinsa. An cuci Goggo, an cuci mai sayen, ita duniyar da aka ce ana ceto ba ta ga komai ba. Cinikin biri a sama kenan, kuma malamanmu sun daɗe da faɗa mana hukuncin cinikin da ɗaya ɓangaren bai san abin da ya sayar ba.

Da an zaunar da matan nan an ce musu ga abin da ake sayarwa, ga kasonku duk shekara gwargwadon amfanin da kuka yi da murhun, wallahi da su da kansu za su ce a kawo babba, da su za su tsare gaskiyar lissafin. Mutum yana kula da abin da ya san nasa ne. Ku tsallaka Maraɗi ku gani. Tun shekarun 1980 manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato in ka zo sharar gona ba ka tumɓuke kututturen da ke tohowa, ka zaɓi reshe mai ƙarfi ka sassabe sauran ka bar shi ya tashi. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka yaɗa abin, amma manoman ne suka yi aikin, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da bishiya miliyan 200 a kudancin Nijar, gawo da kalgo da aduwa da magarya. Babu wanda ya biya su dala ɗaya ta kabon kafin su fara. Sun yi ne da suka tabbatar bishiyar da ke gonarsu tasu ce, gero yana kyau a ƙarƙashin gawo, dabba tana samun abinci da rani. Yanzu irin waɗannan mutanen ne za a zo wa da takardar shekara 30 da Turanci ko Faransanci a ce su dangwala?

Kuma ana iya yin abin da gaskiya, an yi. A Humbo ta ƙasar Habasha wannan dabarar ta Maraɗi aka ɗauka aka farfaɗo da daji kusan hekta 2,700, Bankin Duniya ya sayi kabon ɗin, kuɗin ya shiga hannun ƙungiyoyin gama kai na mutanen wurin, su suka zauna suka ce rumbun hatsi muke so, injin niƙa muke so. Kenya bayan ta sha wuya ta sa a doka cewa aikin da aka yi a ƙasar al'umma sai an ba su aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin kabon ɗin, wanda bai shafi ƙasa ba kashi 25. Mu ma muna da dokar sauyin yanayi tun 2021, Buhari ya sa mata hannu, akwai majalisar ƙasa da aka kafa a kanta. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Masar a 2022 an ƙaddamar da shirin kasuwar kabon ta Afirka ana maganar takarda miliyan 300 a shekara da dala biliyan 6 kafin 2030. To kafin a kai ga biliyan, a fara da abu mai sauƙi, duk takardar da za a ba ɗan ƙauye a rubuta ta da Hausa, a karanta ta da ƙarfi a gaban jama'a, duk shekara a manna a bangon gidan dagaci tan nawa aka sayar, wa ya saya, a kan nawa, nawa ya rage wa gari. Wanda yake da gaskiya me zai tsorata a nan?

Iyayenmu hakimai da dagatai, da girmamawa nake faɗa, Allah ya ja zamaninku, mutanen nan ba don sun yarda da baƙon suke sa hannu ba, don sun gan ku zaune a wurin ne. Ku tambaya kafin ku tara musu mata. Ku matasan da aka ɗauka aikin ɗaukar hoto kuma ban ga laifinku ba, neman abinci kuke, amma ku karanta abin da kuke ba iyayenku su dangwala, in an tambaye ku ku faɗi gaskiya.

Goggo da na gama yi mata bayani ta yi shiru can ta ce, to ɗan nan, yanzu hayaƙin ma kuɗi ne? Na ce kuɗi ne Goggo. Ta ce to in yaron ya dawo zan tambaye shi. Ta mayar da takardar cikin kwalla.

Af, tunda maganar ta zo, a hanyata ta dawowa tirela nawa na wuce shaƙe da buhunan gawayi, an ɗaure su har sun fi motar tsawo, duk sun nufo birni. Mu 'yan birnin da muke ta rubutun sauyin yanayi mu ne masu sayen gawayin nan tunda gas ya fi ƙarfin aljihu, dajin da ake cewa matan ƙauye sun cinye rabinsa a kurfotinmu ya ƙare. Wannan maganar wata rana ce. Yanzu dai dan Allah duk wanda ya san maƙerin da ke ƙera murhu mai rage icce wanda zai ɗauki babbar tukunyar tuwo, mai gindi da faɗi da ba zai karkace ba in ana tuƙi, ya yi min magana ta ciki, zan biya da kuɗina in kai mata kafin azumi.