Kafin ka tambaye ni wace bindiga za ka ajiye a gida

Karo na uku ke nan cikin wata guda da wani ya turo min saƙo yana tambaya wace bindiga ce ta fi dacewa magidanci ya ajiye don kare iyalinsa. Na ga gara in amsa a nan kowa ya gani. Zan ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, maganar rai ce.

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da bindiga da lasisi. A tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak na taɓa ɗaukarta da dare da zaton zan harbi mutum. Wajen ƙarfe biyu da rabi ne. Matata ta taɓa kafaɗata, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Maigida, tashi, akwai mutum a falo." Na kasa kunne, na ji ana jan ƙafa a hankali, sai wani abu ya faɗi ƙasa. Hannuna na rawa har sai da na danna lambobin akwatin bindigar sau biyu kafin ya buɗe. Na tsaya a bakin ƙofar ɗaki na hango inuwar mutum dogo a tsaye kusa da taga. Zuciyata na dukan uku-uku. Bakin bindigar na kallon ƙasa, yatsana a miƙe a gefenta, nesa da kunama, kamar yadda aka horar da ni har ya zame min jiki. Na kunna tocila da hannun hagu.

"Baba, ni ne."

Ɗana ne. Shekararsa goma sha biyar a lokacin. Zazzaɓi ya hana shi barci, ya fito neman magani, bai kunna fitila ba don kada ya tashe mu. Ya ɗaga hannu yana kare idonsa daga hasken. Na ce masa ya koma ya kwanta zan kawo masa maganin, na juya ɗaki na zauna a bakin gado, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Sai bayan shekaru na iya gaya masa abin da ke hannun damana a daren nan.

Tocila ce ta ceci yaron nan, da kuma yatsan da aka koya wa zama a waje. Shi ya sa duk wanda ya zo min da zancen wace bindiga ta fi ƙarfi, nakan ce masa mu fara da wannan: idan ka ji motsi da tsakar dare, wanda ya fi yiwuwa ya kasance a gaban bakin bindigarka ɗan gidanka ne. Yaro ne, ko ƙane da ya dawo a makare, ko baƙon da ka manta ya kwana. Duk zaɓin da za ka yi, ka yi shi kana tunawa da wannan mutumin.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa tunkara ba, kuma wasu ba su yi sa'ar da na yi ba. A ranar 14 ga Fabrairun 2013, ɗan tseren Afirka ta Kudu Oscar Pistorius ya harba harsashi huɗu ta jikin ƙofar bayan gida da ke kulle a gidansa na Pretoria, ya kashe budurwarsa. Ya ce ya ɗauka ɓarawo ne. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, abu ɗaya babu gardama a kansa: ya harbi abin da bai gani ba, kuma a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta same shi da laifin kisan kai. A 1992 kuma, a Baton Rouge ta jihar Louisiana a Amurka, wani ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16 ya ɓata hanya zuwa gidan walima ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba, mai gidan ya harbe shi har lahira. An ce magana zarar bunu ce. Harsashi ya fi ta, don ita ana iya neman gafara.

To, mu zo kan bindigogin, tunda su kuka tambaya.

Mutane da yawa na son bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma, irin wadda ake ja da hannu ta ɗora sabon harsashi, kamar Remington 870 da ake ƙerawa tun 1950 ko Mossberg 500. Tana da ƙarfi ƙwarai, ba na musu. Harsashi ɗaya na lamba 12 mai manyan ƙwayoyi yana ɗauke da dalma kamar tara, kowace faɗinta ya ɗan haura milimita 8. Amma akwai tatsuniyar da ta yi yawa a kanta, wai ba ta buƙatar saiti, kana juya bakinta ka harba ta share ɗaki. Ƙarya ce. Na gwada a filin horo: a tazarar mita biyar, wato tsawon falo, ƙwayoyin ba su bazu fiye da tafin hannu ba. Sai ka saita kamar kowace bindiga. Sannan tsawonta ya kai mita guda, tana cin hannu biyu, ba ka da hannun buɗe ƙofa ko ɗaukar yaro ko riƙe waya. Dukan da take yi wa kafaɗa kuwa, na ga ƙaton namiji ya harba sau uku ya ajiye ta bai sake taɓawa ba. Ga wanda ya nace sai ita, ta lamba 20 ta fi sauƙin sarrafawa. Kada lambar ta ruɗe ka, a nan mai babbar lamba ita ce mai ƙaramin baki.

Doguwar bindiga irin AR-15 da Amurkawa ke yayi tana da sauƙin saiti, ba ta kuma dukan kafaɗa sosai. Duk da haka ni ba na ajiye ta don tsaron cikin gida. Harsashinta idan ya kuskure ya fita ta taga yana iya tafiyar sama da kilomita biyu, kuma a ƙarshen tafiyar akwai gidan wani.

Abin da na zaɓa wa kaina fistol ne, wato bindigar hannu, matsakaici mai harsashin milimita 9, irin girman Glock 19 mai ɗaukar harsashi 15. Dalilina biyu ne kawai. Yana shiga ƙaramin akwatin ƙarfe mai kulle da zan iya buɗewa cikin daƙiƙu, kuma yana bar min hannu ɗaya in riƙe tocila dabam. Wannan na biyun ina so a lura da shi. Yanzu ana yayin fitilar da ake maƙalawa a jikin bindiga, tana da amfani, amma ka sani duk abin da ka haska da ita ka nuna shi da bakin bindiga ke nan. Da irinta kaɗai nake da ita a daren nan, da na auna ƙirjin ɗana kafin in san ko wane ne. Ban taɓa tuna wannan ba tare da tsigar jikina ta tashi ba.

Sai dai fistol ba abin wasa ba ne, shi ya fi kowace bindiga wuyar saiti. Kuma kada a ruɗe ka da 'yan ƙanana na aljihu da sunan sun fi dacewa da mace ko da sabon shiga. Da yake ba su da nauyi, sun fi fizgar hannu, sun fi zafi. Libarba, wato bindigar hannu mai gidan harsashi da ke juyawa, mai cin harsashi biyar ko shida, ba ta da rikitarwa, tana iya shekara a akwati ta tashi lafiya, amma kunamarta na da tauri, mai raunin yatsa zai riƙa kauce wa saiti. Shawarata ita ce duk babban da zai iya buƙatar bindigar a gidan ya je filin horo ya harba irinta da hannunsa kafin a saya. Na ga maza da yawa sun sayo abin da ya burge su, matansu ko jan bayan fistol ɗin ba sa iyawa.

Gardamar girman harsashi kuwa ɓata lokaci ce. Hukumar FBI, mai binciken manyan laifuka a Amurka, ta guje wa milimita 9 bayan musayar wutar Miami ta 1986 inda aka kashe jami'anta biyu, ta koma manyan harsasai, bayan kusan shekara talatin kuma ta dawo kan milimita 9 ɗin, saboda harsasan zamani sun inganta kuma jami'anta sun fi samun saiti da shi. Abin da ya fi kamata ka yi tunani a kai shi ne inda harsashin zai je idan ka kuskure. Duk harsashin da zai iya tsayar da mutum zai ratsa ƙofar katako da siririn bango kamar takarda. Ka zaga gidanka da rana tsaka, ka tsaya a ƙofar ɗakinka, ka duba kowace fuska ka tambayi kanka wa ke kwana bayan wancan bangon.

Akwai kuma ƙara, wadda ba wanda ke faɗa maka. Harbin fistol yana kaiwa wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 140 kunne ke iya lalacewa nan take. A cikin rufaffen ɗaki, harbi ɗaya ya isa ya sa ka kasa jin matarka tana ihun cewa ka tsaya.

Yanzu ga ɓangaren da masu son bindiga, har da abokaina, ba sa son in taɓo. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, a ƙididdigar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar. Daga cikinsu 26,328 su suka kashe kansu, sama da rabi ke nan. Wani nazari da aka buga a mujallar Annals of Internal Medicine a 2014, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa samun bindiga a kusa yana ninka haɗarin kashe kai kusan sau uku, na a kashe mutum kuma kusan sau biyu. Ina da bindiga, kuma ina faɗin wannan da babbar murya. Idan a gidanka akwai mai fama da ciwon damuwa, ko mai shaye-shaye, ko kai da matarka faɗanku kan kai ga doke-doke, ko kai kanka ka san zuciyarka a kusa take, don Allah kada ka kawo ta gidan. Ka sa kuɗin a ƙofar ƙarfe da makulli mai kyau da fitilun waje da kare. Babu abin kunya a ciki. Ɓarawo na iya zuwa sau ɗaya a rayuwarka ko ma kada ya zo, ita kuwa bindiga tana nan tare da ku dare da rana, har ranar da ran wani ya ɓaci.

Kuma kada ka ce ka ɓoye ta a saman kabad yara ba su sani ba. Sun sani. Yaro ya san kowane lungu na gidan ubansa fiye da uban. Ka sayi akwatin kulle kafin ka sayi bindigar, ka kafe shi a bango ko a ƙasa, lambar kuma ta tsaya tsakanin manyan da aka horar.

Doka ma ka san ta ƙasarka kafin ka motsa, don ba ɗaya ba ce ko'ina. Kotun ƙolin Amurka ta tabbatar a shari'ar Heller ta 2008 cewa mutum na da haƙƙin ajiye fistol a gidansa don kare kai. Birtaniya kuwa ta haramta shi a 1997, bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane. A Birtaniya ne kuma aka ɗaure manomi Tony Martin da ya harbe wani matashin ɓarawo a gidansa a 1999. Bindigar da ba ta da takarda kuwa, ban ma sa ta a lissafi ba, kai za ta fara ci.

Na yi kuskure ɗaya a daren nan, kuma malamin da ya horar da ni bai ɓoye min ba da na ba shi labari. Ya ce, "Me ya hana ka yi magana tun kana cikin ɗaki?" Ya tuna min gwajin da wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya wallafa a 1983, cewa mutum na iya cin tazarar mita shida da 'yan kai cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wanda ya fita farautar ɓarawo cikin duhu ya kai kansa ne, ana iya ƙwace bindigar kafin ya ɗaga ta. Tun daga lokacin muka zauna da iyali muka yi tsari. Idan an ji motsi, ana taruwa a ɗaki ɗaya a kulle ƙofa, matata ta kira jami'an tsaro, ni kuma in ɗaga murya in tambayi ko wane ne, in ce muna da makami kuma an kira hukuma. Yara sun san ƙa'ida: duk wanda ya fito da dare ya kunna fitila, idan aka kira ya amsa da sunansa. Kayan falo duk a kwashe, ba zan fita saboda talabijin ba.

Sau ɗaya a wata nake zuwa filin horo, duk ranar ɗaya ga wata kuma nakan duba batirin tocilar da ke kan akwatin. Ɗan nawa yanzu ya yi aure, kwanan baya ya kira ni ya ce, "Baba, ina tunanin neman lasisi, wacce zan saya?" Na ce masa ya zo gida ranar Asabar tare da matarsa, mu fara zama tukuna.