Tallafin 'yan jarida kan ginshiƙan dijital da haƙƙin faɗin gaskiya

Tun da taron ƙasashen G20 na birnin New Delhi ya rungumi batun ginshiƙan dijital na jama'a a 2023, gwamnatoci ke rige-rigen kafa lambar shaidar ɗan ƙasa, da hanyar tura kuɗi nan take, da rumbun musayar bayanai tsakanin hukumomi. Tun kafin wannan taro, Indiya ta yi wa mutum sama da biliyan ɗaya rajista a tsarinta na lambar shaida mai suna Aadhaar, Brazil kuma ta ƙaddamar da Pix, hanyarta ta tura kuɗi nan take, a 2020. Ɗakunan labarai dai ba su iya bin wannan gudu ba, shi ya sa mafi yawan abin da ake bugawa bai wuce sanarwar minista ranar yanke kyalle ba.

Saboda haka ina maraba da shirye-shiryen da ke ba 'yan jarida horo da kuɗin bincike a wannan fanni, irin wanda gidauniyar kare 'yancin kafafen yaɗa labarai ta MFWA da ke Accra ta fara tare da Co-Develop, asusun da ke tallafa wa ƙasashe wajen kafa waɗannan ginshiƙai, a 2023 domin 'yan jaridar Afirka ta Yamma. Aikin yana cin lokaci. Kafin ɗan jarida ya gane wane kamfani aka ba kwangila, a wace ƙasa ake ajiye bayanan, da kuma wanda ke da ikon leƙa su, sai ya shafe makonni yana bin takardu, alhali editansa yana jiran labarin gobe. Ribar irin wannan haƙuri a bayyane take: a Janairun 2018 wakiliyar jaridar The Tribune ta Indiya ta nuna cewa da rupi 500 kacal ana iya sayen damar shiga bayanan Aadhaar, kuma hukumar da ke kula da tsarin ta kai ƙara wurin 'yan sanda har da sunanta a ciki.

Damuwata ita ce, galibi masu ba da wannan tallafi su ne kuma masu ƙarfafa gwamnatoci su kafa tsare-tsaren. Ban zarge su da mugun nufi ba, amma kowa ya san nauyin da ke kan harshen wanda aka ciyar. Idan horon ya tsaya ga bayyana alfanu, to an samar da masu talla ne da katin aikin jarida. Labarin da ya fi muhimmanci yana wurin tsohon lebura wanda aikin ƙarfi ya shafe masa zanen yatsa, na'ura ta ƙi karɓarsa sau uku, jami'i ya ce ya dawo wani mako, tallafin abincinsa kuma ya tsaya cak. Yana kuma cikin kotu, kamar a Kenya, inda babbar kotu ta taka wa katin shaidar ɗan ƙasa na Huduma Namba birki a 2021 saboda ba a fara tantance haɗarin da yake da shi ga bayanan jama'a ba.

Don haka wajibi ne kowane shiri ya bayyana wanda ya ba da kuɗinsa, ya rubuta a yarjejeniya cewa ba zai duba labari kafin a buga ba, ya kuma tanadi lauya ga wanda bincikensa ya jawo masa ƙara. Sannan a ware gurabe ga ma'aikatan rediyo da masu aiki da harsunan gida, domin waɗanda na'urar rajista ta fi mayarwa gida hannu rabbana, ta nan suke samun labari.