Ganin Sunan Banki a Saman Saƙo Bai Isa Shaida Ba

Mutane da yawa a nan Zariya, daga ɗaliban Samaru har 'yan kasuwar Sabon Gari, sun ɗauka da gurɓataccen Turanci ko alkawarin miliyoyi ake gane imel ɗin damfara. Wannan tsohon yayi ne. Saƙon ɗan damfarar yau tsaf yake zuwa, da tambarin banki, wani lokaci har da sunanka.

Sunan da ke fitowa a saman saƙo, mai aikowa ne yake rubuta shi, kuma kowa na iya sa wanda ya ga dama. Taɓa sunan, adireshin zai bayyana. Abin da ke bayan alamar @ shi ne abin dubawa, harafi bayan harafi, don 'yan damfara kan sa sifili a gurbin "o", ko "rn" a gurbin "m". A ƙaramin allon waya kuwa, wa zai lura?

Haka alamar ɗan kwadon nan da kan fito gefen adireshin shafin intanet. Yana nufin an kulle hanyar da bayananka ke bi ne kawai, bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ɓarawo ma yana samunsa, kyauta.

Idan saƙo ya ce za a rufe asusunka cikin awa 24 sai ka aiko da lambar sirrin katinka, banki ba ya tambayar wannan ta imel. Kar ka danna komai. Kira lambar da ke bayan katin, ko ka taka zuwa reshe.