Ragin kuɗin likita bai kai ga mai taɓin hankali ba

Tun watan Satumban 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin jinya a likitocinta, talakan Damagaram kuma ya gani a aljihunsa. Amma mai taɓin hankali, ragin nan shafarsa kawai ya yi.

Ciwonsa ba masassarar cizon sauro ba ce, da za a sha magani kwana uku a miƙe. Wata da watanni ne, wani ma shekaru. Magidancin da ke ƙauyen Gure ko Tanut, kafin ya ga mai duba ƙwaƙwalwa sai ya zo babbar likitar Zinder, tafiyar fiye da kilomita 100. Ba ya zuwa shi kaɗai, sai ƙane ko ɗa ya bar gona ya rako shi. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga abinci da masauki, ga takardar magani da za a kai farmasi. Wata mai zuwa a sake. Galibi kuma wanda ake wa hidimar shi ne mai cika rumbun gidan a da. In akuya ta ƙare aka taɓa hatsin ci, sai a bar maganin, ciwo ya dawo, daga nan sai mari a ƙafa.

Muna saurin cewa jahilci ke kai mutane wurin boka. Ni ban yarda da wannan duka ba. Boka yana cikin gari, yana karɓar tiyar hatsi, yana haƙuri har kaka. Wace farmasi ce ke jiran kaka?

Abin ba ya fi ƙarfinmu ba ne. Maganin tarin fuka da na sida kyauta ake bayarwa, tun 2006 kuma aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin jinya. Magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine tun shekarun 1950 ake amfani da su, ba masu tsada ba ne. Hukumar lafiya ta duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don a koya wa ma'aikacin ƙaramar likita gane waɗannan cututtuka da bin mara lafiya. A horar da manjon CSI, wato shugaban ƙaramar likita, a ajiye masa maganin kyauta, sai mai tsanani kaɗai a turo birni.

Wasu za su ce ai ƴan tramol ne, su suka jawo wa kansu. Matar da ta rikice bayan haihuwa fa, me ta sha?