Su wa ke binne dakarun da jarumin littafi ya kashe?

Littattafan yaƙin da samarinmu ke saurare a waya suna koya musu cewa ran mutum dubu ba a bakin komai yake ba. Na san wasu za su ce na cika neman magana, to amma ku ɗan yi haƙuri ku ji ni.

Duk wanda ke zama a shagon cajin waya bayan isha'i a ƙauyukanmu na Takai ya san irin labaran. Sadauki ya zare takobi, ya kutsa cikin rundunar maƙiya shi kaɗai, kafin la'asar ya kashe 10,000, gimbiya tana leƙensa daga saman bene. Ban raina gwanintar masu rubutawa ba, don riƙe kunnen matashi awa uku ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai labarin yakan bi jarumi fada a yi masa kirari, a bar gawarwakin a fili. Ba a gaya mana wanda ya haƙa kaburburan, ko wanda ya je ya sanar da iyayensu mata, ko wanda ya nome gonakinsu da damina ta faɗi. Alhali kowane ɗaya daga cikin 10,000 ɗin nan an yi masa suna, an yanka rago ko akuya.

Abin ya fi ci mini rai saboda ƙasar da muke takawa ta ga yaƙi da idonta. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, sai 'ya'yan marigayi Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fice daga birni bayan Yusufu, suka kafa sansani a nan Takai. Wannan ita ce Basasar Kano. Yusufu ya rasu ana cikin rikicin, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Haka ake karantar da shi a aji, sunayen sarakuna da shekaru. To amma rundunar da ta yi watanni a karkara, me ta ci? Hatsin rumbun talaka ta ci. Dawakanta karan gonarsa suka ci. Garin da ya ƙi mubaya'a a auka masa, wanda ya yi kuma ɗaya ɓangaren ya riƙe shi a zuci. An kama 'ya'yan Musulmi an sayar a matsayin bayi, alhali rigimar ta 'yan gida ɗaya ce, zuriyar Ibrahim Dabo. Kafin wannan ma kudancin Kano, su Rano, Sumaila da Birnin Kudu, sun sha fama da harin Ningawa shekara da shekaru. Tsofaffinmu in suna ba da labarin wancan zamani ba da sunan barde suke farawa ba. Da noma suke farawa, yadda mutum ke fita gona da kwari da baka, da yadda ake rige-rigen shiga ganuwa in an hango ƙura, da yaran da aka tura kiwo ba su dawo ba.

Wannan fa labari ne da ya isa littafi goma, ga shi a ƙofar gidanmu, amma marubutanmu sun gwammace su tafi wani birni da ba shi a taswira su yi yaƙi da aljanu.

Ba yau aka fara ba, kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A cikin littattafan farko da aka buga a 1934, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, akwai guda biyu da suka kama hanya daban-daban. Ganɗoki na Bello Kagara labarin barde ne mai kirari, ya gwabza da Turawa, ya bi duniya har ƙasashen aljanu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya tsaya ne a kan abin da hari da cinikin bayi suka yi wa gida ɗaya tak: an sace yaro, uwarsa ta bi sawunsa har ta ƙetare Sahara, ita ma aka mayar da ita baiwa, kuma ba ta daɗe ba bayan sun sadu ta rasu. Ba wani takobin tsafi a ciki, amma ka karanta ka ga ko za ka iya cin tuwo da daɗi a daren. A ganina jikokin Ganɗoki sun cika kasuwa, Shaihu Umar kuwa kusan bai bar magaji ba.

Za a ce mini ai labari nishaɗi ne, wanda ya wuni a rana yana huɗa ba ya buƙatar a ƙara masa baƙin ciki da dare. Na yarda da rabin wannan. Tatsuniya tatsuniya ce, ba wanda ya ce a tuhumi Gizo. Amma yaron da ke sauraron nan yana zaune ne a ƙasar da ake yaƙi na gaske tun 2009. Rikicin Boko Haram ya raba mutum sama da miliyan 2 da gidajensu. Wasunsu ta Yobe suka gangaro Haɗeja da kewaye, muna ganinsu a kasuwanni. Matan da ke zaune bakin titi a Kano da yara uku-huɗu, ka tambaye su, da yawa za su ce maka daga Zamfara ko Katsina suke, 'yan bindiga suka tashe su. In duk abin da yaro ya sani game da faɗa shi ne wanda ya fi kisa shi ke auren gimbiya, ranar da wani ya miƙa masa bindiga da 'yan kuɗi, da wane labari zai auna abin?

Akwai wani ɓangare da nake mamakin yadda marubutan soyayya ma suka bar shi, su da suka ƙware a kan zuciyar mace. Ƙungiyar Red Cross ta yi rajistar mutum sama da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, galibi a arewa maso gabas. Ku tsaya ku yi tunanin matar ɗaya daga cikinsu. Ba a kawo gawa ba balle ta shiga takaba, ba a kawo takarda ba balle ta yi idda. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. A fiƙihun Malikiyya, matar wanda ya ɓace ba labari takan kai maganarta gaban alƙali, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi wata 4 da kwana 10. To wa ke ciyar da ita a tsakanin? Surukarta na cewa ɗanta na nan da rai, duk mai maganar aure maƙiyinta ne. Mahaifinta na cewa ta dawo gida. Ƙanen mijin ya fara yi wa gonar kallon gado. Ga wani mai rufin asiri ya aiko. Sannan a ce bayan an ɗaura, ta haihu, mutumin ya turo ƙofa ya yi sallama. Wallahi in marubuci ya iya riƙe wannan, ba ya buƙatar dodo mai kai bakwai.

Sai dai kada a gudu daga wannan rami a faɗa wancan. Akwai irin labaran da ake rubutawa don a burge masu ba da tallafi, inda ɗan gudun hijira ba shi da aiki sai kuka da miƙa hannu. Wannan ma raini ne. Mutanen nan suna faɗa a kan layin awo, suna adashi, suna kishi, suna yi wa juna tsiya da dariya, wani ma mugu ne tun kafin a ƙone garinsu kuma bai fasa ba. Marubucin da ya cire musu wannan ya mayar da su adadi, daidai da wancan da ya kashe 10,000 a shafi ɗaya.

Ga soja shi ma. Kakanninmu da yawa Turawa sun kwashe su zuwa ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, amma labarin da ya yi suna a kan haka, Burma Boy na Biyi Bandele da ya fito a 2007, da Turanci aka rubuta shi, duk da yaron cikinsa, Ali Banana, da Hausa yake magana. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ci 'yan arewa masu yawa, amma waɗanda duniya ke karantawa a kansa yawanci daga kudu suka fito, kuma sun kyauta da suka rubuta nasu ciwon. Mu ne muka yi shiru.

Yau ma kusan kowace gunduma a nan tana da yaron da ya je Zariya horon soja aka tura shi Borno. Wani ya dawo da ƙafa ɗaya. Wani ya dawo lafiya lau a ido amma ba ya barci, ƙarar salansar babur tana sa shi kwanciya a ƙasa, mutane suna cewa aljanu ne, ana ta yi masa hayaƙi. Wani kuwa a waya aka sanar, an riga an binne shi a maƙabartar Maimalari da ke Maiduguri, mahaifinsa bai samu ko sallar gawa ba. Bayan sadakar uku da ta bakwai sai a shiga zancen haƙƙinsa: wa ya rubuta a matsayin magaji, ina takardar, wa zai biya kuɗin motar zuwa bariki, da yadda uwa da matar mamaci ke daina gaisawa a kan kuɗin da bai ma fito ba.