Jinja ta burge ni, amma ba irinta nake yi wa Dadin Kowa fata ba

Wani abokin karatuna ɗan Uganda ne ya ja ni garin Jinja na ƙasarsu. Muna cikin kwalekwale daidai inda kogin Nilu ke fitowa daga tafkin Victoria, na nuna masa hoton dam ɗinmu na Dadin Kowa, da ke kan kogin Gongola a jihar Gombe, a wayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Ɗan'uwa, duk wannan ruwa babu otal ko ɗaya a bakinsa? Man fetur ya sangarta ku." Wallahi maganar ta yi mini ciwo, har yau ba ta sake ni ba.

Kyau dai garin yana da shi. Yana gabas da Kampala, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Tituna masu faɗi, tsofaffin kantunan Indiyawa masu baranda, wasu da shekarar gininsu rubuce a goshinsu. 'Yan acaɓa ko'ina, a bakin titi ana soya ƙwai a naɗe shi cikin capati. A bakin ruwa ga mutum-mutumin Gandhi, don an zuba wani ɓangare na tokar gawarsa a nan a 1948. Ga Turawa tsofaffi da yara sanye da rigar ruwa da hular kwano, ana loda su a mota za a kai su inda kogin ke tafasa a kan duwatsu, su shiga jirgin roba ya kife da su suna ihun murna. Kowannensu ya biya abin da ya haura dala 100.

To amma na tambayi tarihin wurin, kuma shi ne ya sauya mini kallo. Tun da Bature Speke ya iso nan a 1862 ya ce ya gano mafarin Nilu, duniya ta san sunan wurin, sai dai ba yawon buɗe ido ne ya gina Jinja ba. Jirgin ƙasa da auduga da rake ne suka gina ta. Da aka buɗe dam ɗin Owen Falls a 1954, wuta ta wadata, garin ya zama cibiyar masana'antun ƙasar: masaƙar Nytil, wurin narkar da tagulla, ga kamfanin sukari na Kakira a kusa. A 1972 Idi Amin ya ba Indiyawa kwana 90 su bar ƙasar, injina suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Sai cikin shekarun 1990 aka fara wasan jirgin robar nan. Wato garin ya koma karɓar baƙi ne bayan sana'arsa ta durƙushe.

Dattijon da ke tuƙa mu ya ce mahaifinsa a masaƙa ya yi aiki har ya tsufa, da albashi duk wata. Na ce, "Baba, kai fa?" Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna sama. Ranar da aka yi ruwa ko baƙi ba su zo ba, haka zai koma gida. Tafin hannunsa duk kanta, kuma ya haddace gaisuwa da harsuna da yawa don kawai a ƙara masa wani abu.

Ban ce ba a samun kuɗi ba. Ana samu, matasa da dama na cin abinci a ciki, kuma tsabtar bakin ruwansu abin koyi ce. Mu da muke da Yankari da ruwan Wikki a maƙwabta mun san abin da rashin kula ke jawowa. Amma manyan masaukai na bakin kogin ba na irin su Baba ba ne. Sana'ar ma ba ta da tabbas: da aka gama dam ɗin Bujagali a 2012, ruwa ya shanye gangaren da aka fi zuwa dominsa, dole masu jiragen suka ƙara gaba.

Shi abokina otal ya nema a hoton bai gani ba. Ni kuwa na san abin da ke ƙasan dam ɗin: fadamun shinkafa, tumatir da albasa na rani, masunta da ke fitowa da tarwaɗa da sassafe, famfunan Gombe da ke sha daga can. Kogin Gongola aiki yake yi. In akwai abin kunya, shi ne shekarun da dam ɗin ya yi tun 1980 da wani abu ba a samar da wuta ba, da tumatirin da ke ruɓewa a kwando saboda masana'antar sarrafa shi ta mutu.

Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne yadda labarin Jinja ya yi kama da namu. Unguwar BCGA a Gombe sunan kamfanin auduga take ɗauke da shi, amma yara nawa ne yau suka taɓa ganin tirelolin auduga a jere suna jiran awo? Jirgin ƙasan da ya ratsa Gombe zuwa Maiduguri yana ina? Ƙanina ya gama digiri yana acaɓa a Tashar Dukku. Ba na son ɗansa ya tashi yana haddace gaisuwar baƙi a bakin Dadin Kowa. A gyara hanyoyin ban ruwa, a tayar da injin gurzar auduga da na tumatir tukuna. In an yi haka mai son gina otal ya zo, filin na nan.