Ba yau aka gano mahaɗar nan ba

Mai wani labarin kimiyya ya ce wai yanzu ne masana suka gano cewa ƙwayar sinadari kan sauya hanya idan matakan kuzarinta biyu suka haɗu a tsini ɗaya kamar bakin mazurari. Haba! Tun 1937 masanin kimiyya Edward Teller ya yi bayanin wannan mahaɗa. Sabon abu dai shi ne iya kallonta, bayan masanin kimiyya Ahmed Zewail ya yi aiki da hasken lesa mai walƙiya cikin femtosakan (kashi ɗaya cikin biliyan sau miliyan na sakan), aikin da ya ba shi Nobel a 1999. Kuma an tsallake inda gizo ke saƙar: a wannan tsinin ƙa'idar Born da Oppenheimer ta 1927, wadda ke raba motsin elektron da na cibiyar atam, rushewa take yi, sai elektron da cibiyar su rinƙa juya juna. Malam mai cewa abin ba shi da amfani, idonka fa? Retinal ɗin cikinsa, wato sinadarin da ke karɓar haske, ta nan yake bi ya murɗe cikin femtosakan kusan 200 da haske ya taɓa shi, kafin kuzarin ya watse a banza.